Dafin Maciji da Ɓawon Tuffa: Tarihin Magungunan da ke Kare Ƙodar Masu Ciwon Suga

Kusan babu makon da zai wuce ba mu ci karo da irin sanarwar nan a wayoyinmu ba. Hoton wani magidanci ko wata uwa a gadon asibiti, ƙafafu sun kumbura, bututu biyu sun fito daga hannu ko wuya sun shiga cikin inji, a ƙasa kuma ga lambar asusun banki da roƙon a taimaka saboda Allah. Wankin ƙoda ake yi, sau biyu ko uku a mako, kowane zama kamar awa huɗu, kuma iyali sun riga sun sayar da duk abin da zai sayu. Mukan tura ɗan abin da ya sawwaƙa, mu yi addu'a, mu wuce. Da za mu bi diddigi, za mu tarar da yawa daga cikin bayin Allahn nan sun yi shekara goma ko fiye da ciwon suga kafin a kai ga haka. A duniya baki ɗaya, ciwon suga ne kan gaba cikin abubuwan da ke kashe ƙoda.

Abin da hoton ba ya nunawa shi ne waɗancan shekaru goman, lokacin da mutumin yake zuwa kasuwa ko ofis lafiyarsa ƙalau a ido, ƙodarsa kuwa tana zaizayewa a hankali ba tare da ciwo ko zazzaɓi ba. A cikin waɗannan shekarun ne magani yake da amfani. Akwai ƙwayoyin da aka tabbatar suna rage saurin lalacewar, wasunsu ma suna nan a kemis ɗin unguwa da araha. Ba sa raya ƙodar da ta mutu, amma suna ƙara wa mai ita shekaru kafin ya buƙaci inji, wani ma ya gama rayuwarsa bai buƙace shi ba. Samun su ya ɗauki kusan shekara ɗari, kuma hanyar ta bi ta bakin wani maciji a Birazil da saiwar bishiyar tuffa a Turai.

Ciwon da ya bayyana bayan insulin

Kafin shekarar 1922, ciwon ƙodar masu suga bai dami likitoci sosai ba, saboda masu ciwon ba sa daɗewa har ƙodar ta kai ga lalacewa. Yaron da ya kamu da nau'in suga na farko, wanda jiki ke daina yin sinadarin insulin ɗungurungum, da wuya ya wuce shekara ɗaya ko biyu. A watan Janairun 1922, a birnin Toronto na Kanada, aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14 mai suna Leonard Thompson allurar insulin da Frederick Banting da Charles Best da abokan aikinsu suka tace daga jikin dabbobi. Yaron da ya zama ƙashi da rai ya farfaɗo, ya ƙara shekara 13 a duniya.

Murna ta yi yawa har wasu suka ɗauka an gama da ciwon. Sai da yaran da insulin ya ceta suka girma, suka yi shekara 15 ko 20 da ciwon, sannan aka fara ganin wani abu daban: ido yana dushewa, ƙafa tana kumbura, jini yana hawa, fitsari yana kumfa. Ita kumfar nan an daɗe da sanin ma'anarta. Tun 1827 likita Richard Bright na asibitin Guy's a Landan yake zuba fitsarin masu kumburi a cokali ya ɗora a kan kyandir, sai ya ga ya daskare kamar farin ƙwai. Furotin ɗin jini ne mai suna albumin, wanda lafiyayyar ƙoda ba ta bari ya fita.

A 1936, a birnin Boston na Amurka, Paul Kimmelstiel, wanda ya baro Jamus saboda mulkin Nazi, da Clifford Wilson ɗan Ingila, suka bayyana abin da suka gani a ƙodar gawawwaki takwas, kusan dukkansu masu suga. A ƙarƙashin madubin likita, ƙananan matatun ƙodar sun cika da wasu dunƙule-dunƙulen tabo. Har yau sunan mutanen biyu ake kiran tabon da shi. Daga baya likitocin Denmak, waɗanda suka ajiye tarihin marasa lafiyarsu na shekara da shekaru, suka yi lissafi. A rahotonsu na 1983, kusan huɗu cikin goma na masu nau'in farko sun kamu da ciwon ƙoda, kuma daga ranar da furotin ya zauna a fitsari, kusan rabinsu ba su wuce shekara bakwai ba.

Injin wankin ƙoda bai zo musu da sauƙi ba. Willem Kolff ya ƙera na farko a Holan a 1943, ana tsakiyar yaƙi, kuma a 1960 Belding Scribner na birnin Seattle ya samo dabarar da ta sa ake iya maimaita wankin har tsawon rai. Amma injuna sun yi kaɗan, har sai da aka kafa kwamitin da ke zaɓen wanda za a ɗora, kuma masu suga galibi tun a hannun likitoci ake cire sunansu. A 1972 Kolff da kansa yana cikin waɗanda suka wallafa rahoton da ya nuna masu suga ba sa daɗewa a kan injin. Ke nan babu mafita sai a nemi abin da zai hana a kai ga injin tun farko.

Mataci da matsi

Duk wanda ya taɓa ganin ana tace gasara ya san aikin ƙoda. Ana zuba ƙullu a mataci, ruwa ya wuce, dusa ta tsaya. Kowace ƙoda tana da ƙananan matatu kamar miliyan ɗaya, kowane da jijiyar da ke kawo masa jini da wadda ke fitar da shi. A kullum ƙoda biyu suna tace ruwa kimanin lita 180, wato sama da jarka bakwai ta lita 25, sannan su mayar da kusan duka cikin jini, abin da ke fita fitsari bai wuce lita ɗaya da rabi zuwa biyu ba. Idan mai tata ta cika matsa ƙyallen, yau da gobe sai ramukansa su buɗe, dusa ta fara biyo ruwa. Albumin a fitsari shi ne dusar.

Wannan batu na matsi ya daɗe bai samu karɓuwa ba. Akwai lokacin da manyan likitoci ke ganin hawan jini dabara ce ta jiki don tura jini ta cikin ƙodar da ta toshe, saboda haka saukar da shi haɗari ne. Likitocin Denmak ne suka karya wannan ra'ayi a kan masu suga. Carl Erik Mogensen na birnin Aarhus ya fara nuna alamar haka a 1976. A 1983 Hans-Henrik Parving da abokan aikinsa a Kwafanhagan suka ba da rahoton mutum goma da aka sauke musu jini da gaske, da magungunan da ake da su a lokacin, sai saurin lalacewar ƙodarsu ya ragu da fiye da rabi. Mutum goma ba yawa ba ne, amma ya nuna gangarar da ake gani kamar babu makawa tana iya jin birki. A shekarun nan ne kuma Mogensen da Parving da Giancarlo Viberti na asibitin Guy's suka nuna cewa ɗan albumin kaɗan, wanda ba ya kumfa kuma gwajin yau da kullum ba ya kamawa, yana bayyana shekaru kafin ƙodar ta fara gazawa. An samu ƙararrawar gargaɗi.

A Boston kuwa, Barry Brenner da ɗalibansa suna auna matsin da ke cikin mataci guda ɗaya na ƙodar ɓera da wata allurar gilashi da ta fi gashi siranta. A farkon shekarun 1980 suka nuna cewa idan wasu matatun suka mutu, sauran ne ke ɗaukar kayansu, kamar 'yan dako goma da aka bar wa lodin mutum ashirin. Matsi ya ƙaru a cikinsu, su ma su gaji su mutu, kayan ya ƙara yawa a kan waɗanda suka rage. Ciwon suga kuma tun daga farkonsa yake ɗaga wannan matsi na ciki, ko da awon jinin hannu bai nuna komai ba. Wani sinadarin jiki mai suna anjiyotensin yana da hannu dumu-dumu, domin shi ke tsuke jijiyar mafita, jini ya taru a cikin matacin. Abin da ake buƙata shi ne maganin da zai sassauta mafitar, kuma ashe an riga an yi shi don wata manufa.

Macijin Birazil

A kudu maso gabashin Birazil akwai maciji mai suna jararaka, dangin su kububuwa ne na nesa, kuma shi ne ya fi sarar manoma a yankin. Cikin abubuwan da dafinsa ke yi har da saukar da jini farat ɗaya. Masanin magunguna Maurício Rocha e Silva ya yi shekaru yana nazarin dafin, kuma a 1965 ɗalibinsa Sérgio Ferreira, a jami'ar da ke garin Ribeirão Preto, ya ware ɓangaren da ke wannan aiki. Ferreira ya tafi Landan da kayansa, ɗakin binciken John Vane, inda aka gano cewa ɓangaren yana toshe sinadarin da ke haɗa anjiyotensin a jiki.

Vane mai ba kamfanin Squibb na Amurka shawara ne, shi ya ja hankalinsu. Masana biyu na kamfanin, David Cushman da Miguel Ondetti ɗan Ajantina, suka fara da kwaikwayon abin da ke cikin dafin. Ya sauke jini, amma sai da allura, ga tsada, har aka kusa watsar da aikin. Suka koma suka ƙera wani ƙaramin sinadari da zai shiga daidai gurbin da dafin ke shiga, wanda kuma za a iya haɗiya. A 1975 suka same shi, aka sa masa suna captopril, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1981. Enalapril da lisinopril da muke gani a kemis ƙannensa ne. A Birazil har yau akan kawo labarin nan misali idan ana maganar yadda ilimi da halittun ƙasa ke fita, riba ta tafi wani wuri.

Da farko ma tsoron captopril ake yi a kan ƙoda, domin an fara ba da shi da yawa fiye da kima, wasu suka yi ƙuraje, wasu suka daina jin ɗanɗano, wasu furotin ya fito musu a fitsari. Sai da aka rage adadin. A 1985 likitoci a Japan suka ba da rahoton cewa yana rage furotin a fitsarin masu suga. A 1986 Roberto Zatz, shi ma ɗan Birazil, yana aiki a ɗakin binciken Brenner, ya ba ɓeraye masu suga enalapril. Sugansu bai sauka ba, amma matsin cikin matatu ya sauka, kuma tabon bai fito ba.

Shekarar 1993 da ta 2001

Ɓera dai ba mutum ba ne. Edmund Lewis na birnin Shikago ya jagoranci asibitoci 30 a Amurka da Kanada, suka tara mutum 409 masu nau'in suga na farko da furotin a fitsari. Aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, 207 suna shan captopril sau uku a rana, 202 suna shan ƙwaya mai kama da shi da babu magani a ciki, kuma daga likita har mara lafiya babu wanda ya san wa ke shan me. Dukkansu an sauke musu jini da wasu magunguna, don kada a ce saukar jinin ce kawai ta yi aiki. Ma'aunin shi ne kiriyatinin, wani datti da ke taruwa a jini idan ƙoda ta gaza. Idan ya ninka, to kusan rabin aikin ƙodar ya tafi. Sakamakon ya fito a watan Nuwamban 1993. Ya ninka a jinin mutum 43 cikin masu shan holoƙon ƙwaya, da 25 cikin masu shan captopril. Waɗanda suka mutu ko suka kai ga wanki ko dashe, 42 ne a can, 23 a nan.

Wata biyu kafin haka, wani babban gwaji na mutum 1,441 ya tabbatar da cewa kula da suga sosai yana rage fitowar albumin a fitsari. Ke nan a shekara guda aka samu sanduna biyu na dogarawa, rage suga da rage matsi.

Sai dai mafi yawan masu suga a duniya, har da nan wajenmu, nau'i na biyu gare su, wanda ke kama manya. Nasu gwajin ya zo ne da wani sabon dangin magani, su losartan da irbesartan, waɗanda ke tare anjiyotensin a inda yake sauka, kuma ba sa jawo busasshen tarin nan da ke damun wasu masu shan su lisinopril. A ranar 20 ga Satumban 2001, kwana tara bayan harin New York, mujallar likitoci ta New England ta wallafa gwaje-gwaje uku a fitowa ɗaya, kuma jagororinsu su ne Brenner da Lewis da Parving. A na Brenner, mai mutum 1,513, losartan ya rage haɗarin kaiwa ga wanki ko dashe da kashi 28 cikin 100.

Akwai wata tambaya da ta shafe mu kai tsaye. An lura cewa irin waɗannan magunguna, idan su kaɗai aka sha, ba sa sauke jinin baƙar fata kamar yadda suke sauke na Turawa, har wasu likitoci suka riƙa ƙin rubuta musu. Wani gwaji a kan baƙaƙen fatar Amurka 1,094 masu ciwon ƙoda na hawan jini, wanda sakamakonsa ya fito a 2001 da 2002, ya nuna ramipril ya fi sauran magungunan da aka gwada shi da su kare ƙoda. Waɗannan ba masu suga ba ne, amma gwajin ya rage waccan shakka ƙwarai.

Shekarun faɗuwa

Bayan 2001 aka shiga wani dogon fari. Hankali ya ba da cewa idan magani ɗaya ya toshe ƙofa ɗaya ya yi amfani, haɗa biyu zai fi. Aka gwada haɗa losartan da lisinopril a kan tsofaffin sojojin Amurka 1,448, sai aka tsayar da gwajin a 2012, saboda sinadarin fotashiyam yana hawa a jini har ya yi wa zuciya barazana, ƙodar wasu kuma tana tsayawa farat ɗaya. Haɗin da aka yi da wani magani mai suna aliskiren shi ma an tsayar da shi a ƙarshen 2011. Wani kuma, bardoxolone, ya sa sakamakon gwajin jini ya yi kyau har aka fara murna, sai a 2012 aka ga masu shan sa suna cika asibiti da ciwon zuciya.

Waɗannan duka dabaru ne da manyan masana suka yarda da su, kuma a takarda babu inda suka karkace. Abin da ya tona su shi ne ƙirga: mutum nawa suka sha, nawa ba su sha ba, nawa suka kai ga inji, nawa suka mutu. Ba don an yi ƙirgar ba, da yanzu ana nan ana rubuta su.

Ɓawon tuffa

Abin da ya kawo ƙarshen farin ya girmi insulin nesa ba kusa ba. A 1835 aka ciro wani sinadari mai ɗaci daga ɓawon saiwar bishiyar tuffa, aka kira shi filorizin, ana fatan zai yi maganin zazzaɓi. A 1886 Josef von Mering, likita Bajamushe, ya ba karnuka shi, sai ya ga suga na fita a fitsarinsu. Shekara ɗari aka yi ana amfani da shi a ɗakunan bincike don kwaikwayon ciwon suga, domin a tunanin lokacin, suga a fitsari shi ne ciwon kansa. Likitocin Indiya na dā ma da tururuwar da ke taruwa a kan fitsari suke gane shi, kamar yadda tsofaffinmu ke yi.

Gaskiyar ita ce ƙoda tana tace suga kimanin giram 180 a kullum, sannan ta mayar da shi duka cikin jini ta wasu ƙofofi, kuma ƙofa ɗaya da masana ke kira SGLT2 ita ke ɗaukar kusan kashi 90 cikin 100. Filorizin ƙofofin nan yake rufewa. A 1987 Luciano Rossetti da Ralph DeFronzo suka nuna yana daidaita sugan ɓeraye masu ciwon. An kuma san wasu mutane da aka haifa da ƙofar a lalace, suna fitar da suga a fitsari duk tsawon rayuwarsu ba tare da wata illa babba ba. Filorizin kansa bai yi ba, domin yana wargajewa a hanji kuma yana sa gudawa, sai kamfanoni suka ƙera 'ya'yansa. Turai ta amince da dapagliflozin a 2012, Amurka ta amince da canagliflozin a 2013, empagliflozin ya biyo a 2014. A matsayin matsakaitan magungunan rage suga aka karɓe su, wasu likitocin ƙoda ma suna ɗari-ɗari.

Wata rigima ce ta daban ta buɗe ido. A 2007 aka zargi wani maganin suga mai suna rosiglitazone da ƙara haɗarin bugun zuciya, sai a 2008 hukumar Amurka ta wajabta wa duk mai sabon maganin suga ya yi babban gwaji ya nuna ba ya cutar da zuciya. Kamfanoni sun shiga gwajin ne don wanke kansu kawai. A watan Satumban 2015, a taron likitoci a birnin Stockholm, aka karanta sakamakon empagliflozin a kan mutum 7,020: mutuwa ta dalilin zuciya ta ragu da kashi 38 cikin 100. Da aka duba ƙodarsu a 2016, ita ma lalacewarta ta ragu da kashi 39. Aka shirya gwaji na musamman a kan masu suga da ciwon ƙoda, mutum 4,401, dukkansu suna kan su losartan ko lisinopril, aka ƙara wa rabi canagliflozin. Shi ma an tsayar da shi kafin lokaci, amma wannan karon saboda amfanin ya fito fili har bai dace a ci gaba da hana sauran ba. Rahoton 2019 ya nuna ragin kashi 30. Gwajin dapagliflozin na 2020 da na empagliflozin na 2022 sun nuna har masu ciwon ƙoda marasa suga suna amfana.

Bayanin da aka fi yarda da shi ya sake komawa kan matsi. Ƙoda tana jan suga ne tare da gishiri. Idan suga ya yi yawa, sai ta ja gishiri da yawa tun a farkon bututu, ɗan abin da ke isa wani ma'auni da ke gaba ya yi kaɗan. Ma'aunin ya ɗauka tata ta ragu, ya sa a ƙara buɗe jijiyar mashiga, matsi ya hau. Maganin yana barin gishirin ya isa ma'aunin, mashiga ta ɗan tsuke. Wato jikan dafin maciji yana buɗe mafita, jikan ɓawon tuffa yana rage mashiga, shi ya sa suke tafiya tare lafiya.

Daga nan ƙofa ta buɗe. A 2020 finerenone ya nuna ragin kashi 18, a 2024 allurar semaglutide ta mako-mako ta nuna ragin kashi 24 a kan mutum 3,533. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su empagliflozin cikin jerin muhimman magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada.

Abin da ya rage mana

Mai tallan magani da lasifika a bakin kasuwa zai iya cewa, to ai ga shi, su ma Turawan daga itace da maciji suka samo nasu. Haka ne. Amma tsakanin ɓawon tuffa da ƙwayar da aka amince da ita akwai shekara 177 da dubban mutanen da aka ƙirga ɗaya bayan ɗaya. Ɗanyen dafin jararaka kuwa yana cikin abubuwan da ke kashe ƙoda a Birazil. Jiƙon da babu wanda ya san adadinsa, ƙodar da ta riga ta gaji ce za ta tace shi. Haka su diclofenac da ibuprofen da muke haɗiya kullum da sunan maganin gajiya, su ma suna ƙara mata nauyi.

Su kansu magungunan da muka ba da tarihinsu suna da ƙa'ida, kuma likita ne ke ɗora mutum a kansu. Mace mai ciki ba ta shan su lisinopril ko losartan, domin suna illa ga jariri. Bayan an fara su ana duba jini a ga fotashiyam da kiriyatinin, kuma ɗan motsin da sakamakon kan yi a makonnin farko sau da yawa alamar matsi ya sauka ce. Masu shan su dapagliflozin za su ga tururuwa a kan fitsari, gwajin fitsari kuma zai nuna suga. Aikin maganin ke nan, kada a firgita a daina. Suna iya kawo ƙaiƙayin gaba, kuma suna jan ruwa daga jiki, saboda haka ranar amai ko gudawa, da lokacin zafin bazara, da gabatowar azumi, duk lokuta ne na komawa wurin likita a ji yadda za a yi. Sababbin har yanzu sun fi ƙarfin aljihun mutane da yawa, amma tsofaffin ba su kai ko kusa da kuɗin wanki ɗaya ba a wata.

Duk gwaje-gwajen nan a kan mutanen da ƙodarsu ke da sauran ƙarfi aka yi su, kuma gwargwadon abin da ya rage, gwargwadon shekarun da ake samu. Da sanyin safiya ake kama fara. Ƙoda ba ta kuka sai ta kusa ƙarewa, saboda haka wanda ya jira kumburin ƙafa ya bar mafi yawan abin da su Ferreira da Brenner suka yi wa wahala ya wuce shi. Ƙa'idar likitoci ita ce mai nau'in suga na biyu a duba masa albumin a fitsari da kiriyatinin a jini tun ranar da aka gano ciwon, sannan kowace shekara, mai nau'in farko kuma daga shekara ta biyar. A gidajenmu akwai iyaye da yayye da suke huda yatsa kowace safiya su ga sugansu, amma ba a taɓa ba su 'yar kwalbar fitsari ba. Idan za mu raka su asibiti a karo na gaba, mu tambayi likita gwajin nan biyu da sunansu, mu kuma ajiye takardar sakamakon don a gwada ta da ta baɗi.